Kewar tsofaffin gidajen abincin Sabo ta Ibadan: Saƙo ga masu riƙe da alƙalamin gwamnati

Duk inda tsofaffin ma'aikatan tarayya 'yan Arewa da suka taɓa zama a Ibadan suka haɗu, ko a ɗaurin aure a Kubwa ko a zaman makoki a Gwarinpa, da wuya hira ta watse ba a ambaci Sabo ba. Wani aikin soja ne ya kai shi barikin Mokola ko Odogbo, wani karatu ya yi a Jami'ar Ibadan, wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne, wani kuma hidimar ƙasa ce ta jefa shi Badun, kamar yadda fataken da suke kiran birnin. Abin da ya haɗa su shi ne wani gidan abinci a lungun Sabo inda ake kwashe tuwon shinkafa da miyar taushe bayan Magariba, ko wata mai waina da ke ɗora tanda tun Asuba, ko teburin mai shayin da ba ya tashi sai an fito daga silimar Scala. Yawancin waɗannan wurare babu su a yau. Wanda ya koma neman su zai tarar da shagon 'yan canji ko na masu sayar da waya, ko ginin bene, a inda murhu yake a da. Ko suna ba su bari ba, domin ba su taɓa kafa allo ba. Da sunan mai tuwon ake kiran su, ko da sunan maigidan da ta raɓa a ƙofar gidansa.

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don haka yana da sauƙi a ɗauki wannan hira a matsayin surutun tsufa kawai. Sai dai ta cancanci a saurare ta da kunnen basira, musamman a ofisoshin Abuja. Waɗannan ƙananan gidajen abinci sun riƙa yi wa jama'a hidimar da babu wata ma'aikata da ta taɓa ɗaukar nauyinta, kuma da suka rufe ba a sami abin da ya maye gurbinsu ba. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin dalilan rufewarsu sun samo asali ne daga takardun da aka sa wa hannu a kan tebura irin waɗanda masu karanta wannan shafi ke zama a bayansu kowace safiya.

Irin wannan kewa ba ta Hausawan Kurmi kaɗai ba ce. A Amurka, mutanen da suka manyanta sukan yi dogon zance a kan gidan fiza na unguwarsu da ya rufe shekaru talatin ko arba'in da suka wuce. Fiza, wato burodin nan mai faɗi da ake gasawa da tumatir da cuku, asalinta abincin talakawan birnin Nafoli ne a Italiya. Baƙin haure ne suka tsallaka teku da ita zuwa New York a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, suka riƙa gasa ta don ciyar da 'yan'uwansu leburori, kafin ta zama abincin kowa. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar masu gasa fiza na Nafoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Labarin tsire a kudancin Najeriya ya yi kama da wannan ƙwarai: abincin baƙi ne da ya fito daga zango ya mamaye gari, har sunansa na suya ya shiga ƙamus ɗin Oxford. Bambancin shi ne, can an rubuta tarihin masu sana'ar, nan kuwa an bar shi a bakin tsofaffi.

Yadda tukunya ta riƙe fatauci

Ba za a fahimci gidan abincin Sabo ba sai an fahimci abin da ya kafa Sabo. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, kuma zuwa 1912 an haɗa layin da Kano. Wannan ya bunƙasa tsohuwar hulɗar da ke tsakanin Arewa da Kudu: shanu na gangarowa, goro na haurawa. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwarsu ta kansu a gefen gari, kusa da Mokola, ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969, ya ƙirga mazauna kimanin dubu huɗu, ban da baƙin da ke shiga da fita kullum. Ya bayyana cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan, akasarinsu bashi, kuma a kowane lokaci akwai kimanin fam 100,000 da ake bin mahauta, ba tare da takarda ko kotu ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne maigida. Bafataken da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da garken shanu bai san mahaucin Bayaraben da zai saya ba, bai kuma jin harshensa. Maigida ne ke sauke shi, ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashin, ya ajiye masa kuɗinsa. Haka nan mai sayen goro: a gidan maigida ake ɗaure masa huhu, a nemo masa mota ko tarago. Cikin haƙƙoƙin baƙo a kan maigida har da abinci. Ke nan tukunyar da ke tafasa a cikin gida wani ɓangare ne na yarjejeniyar ciniki, kuma maigidan da matansa ba su iya riƙe baƙo ba, ba zai daɗe da baƙi ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma a Sabo akushi ma yana da nasa matsayi.

Bayan baƙin masu gida, unguwar cike take da gwagware: 'yan dako, masu kora shanu, teloli, almajirai, masu yankan farce, masu wankin hula. Dukansu sai sun ci, kuma ba mai dafa musu. Matan kulle suka cike wannan giɓi, suna dafawa a cikin gida, yara na fita da talla. Cohen ya lura cewa da yawansu sun tara jarin kansu ta wannan hanya, wanda ba ya shiga aljihun miji. Zawarawa da matan da ke riƙe da kansu kuwa suka kafa rumfuna a fili, da benci da kwanoni da tulun ruwan wanke hannu. Daga nan aka sami gidan abincin da ake kewa yau. Ko kalmar buka, wadda duk Najeriya ke kiran ƙaramin gidan abinci da ita, tana da dangantaka da bukka ta Hausa, kuma ƙamus ɗin Oxford ya karɓe ta a 2020.

Abin da ake samu ban da ƙoshi

Wanda ya ce ɗanɗanon miyar ne kaɗai yake kewa bai faɗi duka ba. Daddawa da kuka da man shanu suna nan a kasuwa, kuma akwai gidajen abinci a Wuse da Maitama da ke sayar da tuwo a faranti mai tsada. Abin da ya ɓace ya fi wannan zurfi.

Na farko shi ne bashi. Mai tuwon Sabo ta san wanda shanunsa ba su shiga ba tukuna, ta san ɗalibin da kuɗin makarantarsa ya makara, ta san ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ya wuce wata. Takan zuba masa, ta riƙe lissafin a ka ko ta ja layi a bango, ya biya idan ya samu. Ba ta neman jingina, domin ta san maigidansa, ta san garinsu, ta san masallacin da yake salla. Wanda ya cinye ya gudu ya rufe wa kansa ƙofar unguwa baki ɗaya. Wannan shi ne irin amanar da ta riƙe cinikin shanu, sai dai a ƙaramin ma'auni. Bankunan da ke tallar rance ga talaka a yau har yanzu ba su iya abin da wannan mata ta iya ba, wato sanin wanda za a ba ba tare da cike fom ba.

Na biyu shi ne adireshi. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, saurayin da ya sauka a tasha daga Katsina ko Damagaram da sunan ɗan'uwansa kawai a baki, teburin mai shayi yake fara nufa. A nan ake ajiye wasiƙa, a nan ake barin sallahu, a nan direban babbar mota ke karɓar saƙon da zai kai Funtuwa. A nan ake jin farashin goro a Shagamu, da wanda ke neman yaron shago, da wanda ya rasu a gida. Rediyon da ke kan tebur yana kawo labaran Kaduna da na Landan, a saurara tare, a yi sharhi tare.

Na uku shi ne benci ɗaya. Hafsan soja da ɗan dako, malamin jami'a da mai kora shanu, duk sukan zauna kafaɗa da kafaɗa, su wanke hannu a kwano ɗaya. Ma'aikacin da ya saba cin abinci a irin wannan wuri ba ya bukatar rahoton kwamiti kafin ya san halin da talaka ke ciki. Masanin zamantakewa Ba'amurke Ray Oldenburg, a littafinsa na 1989, ya kira irin waɗannan wurare wuri na uku, wato wanda ba gida ba kuma ba wurin aiki ba, inda jama'a ke haɗuwa ba da gayyata ba, ya kuma yi gargaɗin cewa birnin da ya rasa su yakan rasa sanin juna.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci ga zaman lafiya, shi ne cuɗanya da masu gari. Tukubar mai tsire a Sabo ta daɗe tana jawo Yarabawa daga Bodija da Oke Ado da Agodi idan yamma ta yi. A gaban wutar nan ne Bahaushe ya koyi ciniki da Yarabanci, Bayarabe ya koyi kalmar yaji da jara. Wanda ya shekara goma yana sayen balangu a hannun mutum ɗaya ba ya saurin yarda idan aka ce masa duk ƙabilar mutumin nan mugaye ne. Rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, wanda ya ci rayuka da dukiya har gwamnonin Arewa suka yi tattaki zuwa Ibadan, ya nuna yadda ƙaramar taƙaddama ke zama gobara. Ba wanda zai ce gidan tuwo na hana rikici, amma kowane wurin da ke sa mutane su san fuskar juna yana ƙara yawan masu cewa a tsaya a bincika.

Me ya rufe su?

Wasu dalilan na zamani ne, ba laifin kowa ba. Da tirela ta maye gurbin tarago da kora a ƙasa, bafatake ya daina kwana da kwanaki a masauki. Da waya da tura kuɗi ta banki suka zo, bukatar maigida mai ajiya da tsayawa ta ragu. Silima ta mutu a duk faɗin ƙasar da bidiyo ya shiga gidaje, Scala da takwarorinta irin su Rex da Odeon suka rufe, taron daren da ke ciyar da masu shayi ya watse. Masu tuwon suka tsufa, 'ya'yansu suka yi karatu suka kama wasu hanyoyi. Gidajen manyan masu gida suka shiga rabon gado, magada suka ga cewa hayar shago ga ɗan canji ta fi abin da mai tuwo za ta iya biya nesa ba kusa ba.

Amma wasu dalilan hukunci ne da aka yanke a ofis. A 1987 aka buɗe kasuwar Bodija, aka mayar da masu shanu can daga Sango, daga baya kuma kara ta ƙara yin arewa zuwa Akinyele. Sabuwar tashar jirgin Legas zuwa Ibadan, wadda aka ƙaddamar a 2021, a Moniya take, nesa da tsohuwar tashar Dugbe da ke maƙwabtaka da Sabo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, kuma birni mai girma kamar Ibadan ba zai ci gaba da shigo da garken shanu tsakiyarsa ba. Abin tambaya shi ne ko an taɓa sa masu ciyar da kasuwa cikin lissafi yayin da ake tashin kasuwa. Akan raba rumfuna ga masu kaya, a manta da wadda ke dafa musu.

Sai kuma manufofin kuɗi. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, ya kuma raunana albashin ma'aikacin da ke cin bashi ya biya a ƙarshen wata. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin Naira, ya fi gigita masu ƙaramar sana'ar da ke sayen cefane da tsabar kuɗi kowace safiya. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ninka kuɗin dakon shinkafa da albasa da tumatir daga Arewa, kuma zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Babban kamfani na iya ƙara farashi ya jure. Matar da jarinta bai wuce buhu ɗaya ba, wadda rabin masu cin abincinta bashi suke ci, ba ta da inda za ta jingina. Ranar da ta kife tukunya babu sanarwa, babu rahoto, babu wanda ya rubuta cewa an rasa wani abu.

A nan ne rashin adalcin tarihi ke fitowa fili. Kantin Kingsway na Dugbe ya rufe, amma akwai hotunansa da takardunsa. Mr Bigg's, wanda ya fara a Legas a 1986 ya kuma ja baya daga bisani, an yi rubuce-rubuce da dama a kan tashinsa da faɗuwarsa. Domino's da ya shigo Najeriya a 2012 yana da rajista da lissafin kowane reshe. Gidan tuwon da ya ciyar da dubban mutane shekara arba'in a Sabo kuwa, a idon takarda bai taɓa wanzuwa ba.

Abin da kewa ke ɓoyewa

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Masu tuna daɗin wainar Asuba yawanci maza ne da suka ci, ba matan da suka kwana suna niƙa da surfe ba. Hayaƙin itace ya lalata idanu da ƙirazan mata da yawa. Yarinyar da ta ɗauki farantin talla ta zaga unguwa ta biya farashin wannan tsari da karatunta, wani lokaci da mutuncinta. Kwatamin da ke bin gaban rumfa, da ƙudaje, da ruwan da ba a san tushensa ba, duk suna cikin hoton, ko da zuciya ta goge su. Bashin da ake yabawa ya karya jarin mata da dama waɗanda kunya ta hana su tambayar haƙƙinsu. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma ba duk abin da aka saba da shi ne ya cancanci a dawo da shi ba.

Saboda haka ba a kira a mayar da Sabo 1965, ko a hana magada gina bene a filin ubansu. Unguwar tana raye, masu tsire na nan, kasuwar canji na ci, kuma sababbin masu abinci na buɗewa. Kiran shi ne a raba tsakanin abin da ya kamata ya wuce da abin da ya kamata a tsare. Talla da hayaƙi da ƙazanta su wuce. Wurin zama mai araha a tsakiyar unguwa, wanda mace mai ƙaramin jari za ta iya riƙewa, inda ake sanin mutum da sunansa, wannan bukata ce da ba ta tsufa.

Inda alƙalami ke da iko

Mai karatu na iya cewa wannan lamarin ƙaramar hukuma ne. Gaskiya ne cewa Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kula da kasuwanni da gidajen abinci a kan ƙananan hukumomi, kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. Amma tarayya ce ke shata hanyoyinta da tashoshin jirginta, ita ke tsara manufar kuɗi da haraji, kuma a Abuja ministanta ne ke riƙe da ikon fili. Akwai abubuwa huɗu da ba su fi ƙarfin mai rubuta wa minista takardar shawara ba.

Da farko, diyya. Dokar 1978 ta tanadi biyan diyya ne a kan gini da amfanin gona da makamantansu, ga mai riƙe da takardar fili. Mai tuwon da ke haya ko raɓe ba ta da gini, dukiyarta ita ce mutanen da suka saba da ita, kuma wannan ba ya cikin abin da ake auna wa kuɗi. Duk aikin tarayya da zai tashi kasuwa ko tasha ya kamata ya ƙirga masu abinci tun a binciken farko, ya ware musu wuri a sabon mazauni, da ruwa da magudana, kafin a kawo katafila.

Na biyu, a daina kallon mai abincin gefen hanya a matsayin shara. Duk wanda ke aiki a Sakatariyar Tarayya ya san inda masinja da direba da ƙaramin akawu ke cin abincin rana, ya kuma san yadda masu dafa shi ke tsere da kuloli idan motar jami'an tsabtace muhalli ta ɓullo. Birnin da aka dawo da gwamnati cikinsa a ranar 12 ga Disamban 1991 an tsara shi da faffaɗan tituna, amma ba a tanadi inda mai ƙaramin albashi zai ci ba. Singafo ta fuskanci irin wannan matsala, sai ta gina wa masu abincin titi cibiyoyi tun daga shekarun 1970, da famfo da wuta da haya mai sauƙi da binciken tsabta. A yau tana da irinsu sama da ɗari, kuma a 2020 UNESCO ta karrama wannan al'ada. Abin da ake kora a Abuja shi ne abin da wata ƙasa ke alfahari da shi, bayan ta gyara shi.

Na uku, duk manufar kuɗi ko ta makamashi a tambaya tun kafin a sanar da ita: yaya za ta sauka a kan wadda ke cefane da kuɗin jiya? Tallafin tukunyar gas, da ƙaramin rance da zai bi ta ƙungiyoyin adashi da mata suka riga suka amince da su, da sauƙaƙa rajista, sun fi taron bita a otal amfani. Su ne kuma hanyar da za ta sa uwa ta iya ɗaukar babba aiki ta bar 'yarta ta tafi makaranta.

Na huɗu, a rubuta. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Ibadan aka fara kafa ta a 1954 bisa jagorancin Kenneth Dike, kuma tana harabar jami'a, tafiyar 'yan mintuna daga Sabo. Cike take da wasiƙun Turawan mulki a kan Hausawan unguwar, amma muryar matan da suka ciyar da su ba ta ciki. Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan, da Gidan Arewa na Kaduna, da sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, suna iya haɗa hannu su naɗi bayanan tsofaffin Sabo ta Ibadan da ta Shagamu da ta Abekuta, da zangunan Kumasi da Akara, tun masu bayanin na da rai. Kuɗin wannan aiki bai kai na tafiyar tawaga ɗaya zuwa ƙasar waje ba. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar UNESCO ta kare al'adun gado, ta kuma shigar da bikin kamun kifi na Argungu a 2016 da hawan sallar Kano a 2024. Senegal ta shigar da dafa-dukarta ta shinkafa da kifi a 2021, Faransa ta shigar da burodinta a 2022. Babu abin da ya hana a fara haɗa takardun tsire da kilishi, tare da tarihin zangunan da suka yaɗa su.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar kasafi. Manyan ma'aikata da hadiman da suka ci tuwon bashi a Sabo suna ɗalibai ko ƙananan jami'ai suna da nauyi a wuyansu. Wasu daga cikin matan nan suna raye, sun tsufa, ba su da fansho. Waɗanda suka rasu sun bar 'ya'ya da jikoki. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya iya tuna ɗanɗanon miya bayan shekara arba'in zai iya tuna ƙofar gidan da aka dafa ta. Kewar da ta tsaya a hirar ɗaurin aure ba ta amfani kowa. Idan ta kai mutum ga neman tsohuwar da ta ciyar da shi, ko ta sa ya dakata kafin ya sa hannu a takardar rusau ya tambayi inda masu abinci za su koma, to ta biya kuɗin tuwon.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka ciyar da baƙo a ƙasar da ba tasu ba, Ya kuma ba masu iko basirar gane darajar abin da ke hannu tun bai zama labari ba.